Farin Jini da Kujerar Mulki: Shata, Iyantama da Rama Rao na Indiya

 

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Malamaina, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, ƙannena ɗalibai, samarin Boko da na Kusada, da waɗanda suka yo takakka tun daga Kankiya, sannunku da zuwa.

Bari in fara da samarin can da ke tsaye a baya. Na san da wuya a sami wanda wayarsa ba ta taɓa zuwa shagon masu tura finafinai ba, na kuma san abin da aka fi zuba muku: Indiya mai fassarar Hausa, irin ta Algaita, wadda jarumi ɗaya zai watsa ƙarti talatin da naushi. Iyayenku da suka yi kallo a sinimomin Kano da Katsina finafinan Bombay suka sani, na su Amitabh Bachchan da Dharmendra, waɗanda ake yi da harshen Hindi. Naku kuwa da yawansu daga kudancin Indiya suke fitowa, cikin wani harshe da ake kira Telugu, mai mutum sama da miliyan 80. Wanda ya kalli RRR na 2022 ya ga jarumai biyu. Na farko Ram Charan, mahaifinsa ya taɓa kafa jam'iyya, ƙanen mahaifinsa kuma tun 2024 shi ne na biyu a gwamnatin jiharsu. Na biyun N. T. Rama Rao ƙarami, sunan kakansa ya ci. Kakan nan daga gaban kyamara ya tashi, ya mulki jihar Andhra Pradesh har zango uku.

Zan zo kan kakan. Sai dai ba zai yi kyau mu tsallaka teku neman misali ba alhali muna da namu a gida. Tsohuwar ƙaramar hukumar Kankiya ta taɓa yin kansila mai suna Mamman Shata.

An haifi Alhaji Mamman Shata a Musawa, masu bin tarihinsa sun fi tsayawa a kan shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a wurinsa waƙa roƙo ce, gidansu kuwa bai gaji roƙo ba. Yaron ya yi cinikin goro, ya yi na alewa, yana yi yana waƙa a dandali don nishaɗi, har waƙar ta fi ƙarfin cinikin. Ya zauna a Bakori, bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952 ya ƙara fito da sunansa, daga baya ya kafa gida a Funtuwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka kai shi Daura, garin babban ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa. Wannan duk kun sani, ko kun karanta a littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne siyasarsa. A 1976 gwamnatin soja ta yi garambawul, tsarin En'e ya kau, ƙananan hukumomi irin na yau suka maye gurbinsa. Lokacin ba a yi jihar Katsina ba, sai a 1987. Muna cikin jihar Kaduna, Musawa kuma tana ƙarƙashin Kankiya. Babu jam'iyyu a wancan zamani, soja ba su ɗage haramcin siyasa ba sai 1978. Mutum da sunansa zai tsaya, ba tuta, ba alama. Shata ya tsaya, ya ci. Ku riƙe mini wannan: zaɓen da ya ci, zaɓe ne da jam'iyya ba ta shiga tsakaninsa da masu sonsa ba.

A jamhuriya ta biyu ya fara da GNPP ta Waziri Ibrahim, mai siyasa ba da gaba ba, sannan ya koma NPN mai mulki. Da Janar Babangida ya ƙirƙiro jam'iyyu biyu a 1989, SDP da NRC, Shata ya zama shugaban SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa. A nan ne ya haɗu da abin da kalangu ba ya maganinsa. SDP a jihar Katsina tana da mai ita, Tafidan Katsina Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, shi ke da mutane, shi ke ɗaukar ɗawainiya. Jininsu bai haɗu ba, aka tsige Shata. Har yau idan majalisa ta zama ba ta da ta cewa sai abin da gwamna ya faɗa, 'yan amshin Shata muke kiranta. Shi mai 'yan amshin kuwa da ya shiga jam'iyya, bai iya yi wa kowa amshi ba. A duk faɗin SDP ta Funtuwa babu mai iya cika fili da mutane kamarsa. Amma waɗanda ke cika filin ba su ne ke zama a taron shugabannin jam'iyya ba, kuma a can ake ba da kujera, a can ake karɓe ta.

Kafin mu wuce, ya kamata ƙannena su fahimci girman abin da ya yi ta fuskar al'ada. Mawaƙi a ƙasar Hausa ya daɗe yana kusa da mulki. Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, Sarkin Taushi yana fadar Katsina. Suna iya ɗaga basarake har ya ji ƙasa ba ta isa ta ɗauke shi ba, suna iya yi wa abokin takararsa zambo har ya kasa fita ƙofar gida. Ana ba su doki da riga da gona. Duk da haka akwai iyakar da kowa ya sani: makaɗi a gaban sarki yake tsayawa, ba ya hawa shimfiɗa, ba a kuma shawarar ƙasa da shi. Jam'iyyun jamhuriya ta farko da suka zo, wannan tsarin suka gada, NPC da mawaƙanta, NEPU da nata irin su Gambo Hawaja. Shata bai taɓa zama makaɗin fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi da 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu, ya tara abin kansa. Wanda ba ya jiran hannu ɗaya ya ci abinci shi ne zai iya tunanin ya tsaya a zaɓe shi, maimakon ya yi wa wanda za a zaɓa waƙa.

To, a shekarar nan ta 1923, ranar 28 ga Mayu, a wani ƙauye mai suna Nimmakuru a gundumar Krishna ta kudancin Indiya, aka haifi Nandamuri Taraka Rama Rao, wanda aka fi sani da NTR, a gidan manoma. Yana ɗalibi a Vijayawada ya yi ta kai madara gidajen abinci a kan keke. Ya gama karatu, ya sami aikin gwamnati a ofishin rajistar filaye, bai cika wata ɗaya ba ya ajiye ya tafi Madras, inda ake shirya finafinan kudu a lokacin. Fim ɗinsa na farko Mana Desam ne, a 1949, ɗan ƙaramin matsayi na ɗan sanda. Kafin ya bar sana'ar ya yi kusan finafinai 300.

Abin da ya bambanta shi da sauran jarumai shi ne irin rawar da ya riƙa takawa. Mabiya addinin Hindu suna da tatsuniyoyi masu tsawo na abin bautarsu, su Rama da Krishna, kuma ana mai da su fim. A Mayabazar na 1957 NTR ya fito a matsayin Krishna, ya kuma fito a wannan matsayi har sau 17 a rayuwarsa. Mutanen karkara da ba su da karatu suka wayi gari idan an ambaci abin bautarsu fuskarsa ce ke zo musu. Masu ziyarar wurin bauta na Tirupati sukan cika motoci su zarce gidansa a Madras don kawai ya leƙo su gan shi. Mu nan wannan ƙofa a rufe take, kuma alhamdu lillahi da take a rufe. Amma akwai kashi na biyu na finafinansa da ya fi shafarmu. Daga 1980 zuwa 1982 ya jera wasu inda yake fitowa a matsayin ɗan sanda mai gaskiya, ko alƙalin da ba ya karɓar na goro, ko sojan da ya gaji da zalunci ya ɗauki doka a hannu: Kondaveeti Simham, Justice Chowdary, Bobbili Puli. Mutum yana dab da shekara 60, talakawa suna biyan kuɗinsu suna kallonsa yana hukunta azzalumai a madadinsu.

A daidai wannan lokaci jam'iyyar Congress ta Indira Gandhi, wadda ke riƙe da jihar tun kafa ta, ta mai da kujerar babban minista abin wasa. Babban minista a can shi ne kamar gwamna a nan. Wanda suke kira gwamna kuwa wakilin gwamnatin tarayya ne, naɗa shi ake yi daga Delhi. Tsakanin 1978 da 1983 an canza wa Andhra Pradesh babban minista har mutum huɗu, duk da umarnin Delhi. A farkon 1982 Rajiv, ɗan Indira, ya sauka a filin jirgin saman Hyderabad ya ci mutuncin babban minista T. Anjaiah a gaban jama'a, ba a daɗe ba aka sauke shi. Mutanen jihar suka ji kamar su aka mara.

Ranar 29 ga Maris 1982 NTR ya kafa jam'iyyar Telugu Desam, wato jam'iyyar ƙasar Telugu, da alamar keke da tuta ruwan ɗorawa. Maganarsa ba ta da yawa: mutuncin Telugu, da shinkafa kilo ɗaya a kan rufi 2. Ya ɗauko wata tsohuwar mota ƙirar Chevrolet aka gyara ta, aka yi mata dandamali a bisa da lasifika, ɗansa Harikrishna yana tuƙi. Ya sa khaki, ya bi ƙauyuka, a motar yake kwana, a bakin hanya yake wanka mutane na kallo. Jama'a na kiransa Anna, wato Yaya. A Janairun 1983 jam'iyyar da ba ta cika shekara ba ta ci kujeru sama da 200 daga cikin 294. Ranar 9 ga watan aka rantsar da shi a filin wasa na Lal Bahadur, wata tara da 'yan kwanaki bayan kafa jam'iyya.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce farin jini ne ya yi komai, kuma a nan masu ba da labarin suka fi son tsayawa. Ni ban yarda ba. A bayan motar nan akwai ƙungiyoyin masoyansa da suka daɗe a garuruwa suna lissafin juna, suka koma rassan jam'iyya cikin dare ɗaya. Akwai 'yan kabilarsa ta Kamma, manoma masu ƙasa da kuɗi a yankin bakin teku, waɗanda suka daɗe suna ganin an mai da su saniyar ware a Congress. Akwai jaridar Eenadu ta Ramoji Rao, wadda aka kafa a 1974, tana buga hotunan rangadinsa kullum tana kai wa har ƙauye. Ya kuma ba matasa masu digiri da 'ya'yan ƙananan dangogi tikiti, mutanen da a da ko ƙofar ofishin jam'iyya ba a bari su wuce. Fuskarsa ta tara jama'a, waɗannan ne suka mai da taron ƙuri'a.

Mulkinsa yana da daɗi yana da ɗaci. Shinkafar rufi 2 ta shiga gidajen da ake kwana da yunwa, ko da yake ta yi wa baitulmalin jiha nauyi. Ya rarraba manyan gundumomi zuwa ƙananan yankuna sama da 1,000 don talaka ya daina tafiyar yini guda kafin ya ga jami'in gwamnati. Ya soke muƙaman masu riƙe da littafin haraji da filaye na ƙauyuka, waɗanda ake gado daga uba zuwa ɗa. Iyayen ƙasa ku yi mini afuwa, labari nake bayarwa, ba shawara ba. A 1986 aka yi dokar da ta ba 'ya'ya mata na Hindu rabo a dukiyar gidan ubansu, haƙƙin da mace Musulma ta samu tun ƙarni 14 da suka wuce. A ɗaya gefen kuma, mutumin ya saba da wurin ɗaukar fim, inda shi ne jarumi, shi ne mai ba da umarni, sau da yawa shi ne mai kuɗin. Yana hawa ya rage shekarun ritaya daga 58 zuwa 55, dubban ma'aikata suka wayi gari ba aiki. A farkon 1989 ya kori ministocinsa baki ɗaya saboda bayanan kasafin kuɗi sun fita kafin lokaci. A shekarar ce kuma, yana kan kujera, ya koma ɗaukar wani fim na tatsuniya mai suna Brahmarshi Viswamitra. Ƙarshen shekarar jama'a suka kayar da jam'iyyarsa.

Sau biyu aka ƙwace masa mulki ba ta hanyar akwati ba, kuma bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne gishirin wannan lacca. A 1984 ya tafi Amurka aka yi masa aikin zuciya. Ministan kuɗinsa, Nadendla Bhaskara Rao, ya haɗa baki da gwamna Ram Lal, ranar 16 ga Agusta aka ce NTR ya rasa rinjaye, aka rantsar da Bhaskara Rao. A tsarinsu 'yan majalisa ne ke riƙe da babban minista, ranar da suka janye ya faɗi. Mu ma a tsohuwar jihar Kaduna mun ɗanɗani makamancin haka ko da tsarinmu daban ne: ranar 23 ga Yuni 1981 majalisar da NPN ta mamaye ta tsige Balarabe Musa, wanda jama'a suka zaɓa, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. NTR dai bai kwanta ba. Da ɗinki a ƙirji ya kwashi 'yan majalisarsa zuwa Delhi ya jera su gaban shugaban ƙasa Zail Singh, sannan aka kai su jihar Karnataka aka killace don kada a saye su, shi kuma ya sake hawa motarsa. Gari ya ɗau zafi. Ranar 16 ga Satumba, wata ɗaya cif, aka mai do masa da kujerarsa. A zaɓen tarayya na ƙarshen wannan shekara, wanda Congress ta share kusan ko'ina bayan kashe Indira, Telugu Desam ta ci kujeru 30, ta zama babbar jam'iyyar adawa a majalisar ƙasa, ita da take ta jiha ɗaya.

Wanda ya yi aikin ƙirga 'yan majalisa da tsare su a wancan rikici wani matashi ne, Chandrababu Naidu, mijin 'yarsa. Naidu ɗan Congress ne a da, har ya yi minista, ya faɗi zaɓen 1983 a hannun jam'iyyar surukinsa, sannan ya shigo. Ba ya iya jawabi kamar surukin, ba mai sayen tikiti don ya ga fuskarsa. Amma ya san sunan shugaban jam'iyya na kowace gunduma, ya san wanda ake bi bashi da wanda ɗansa ke neman aiki. NTR ya sakar masa wannan ɓangare, don shi yana ganinsa ƙaramin aiki.

A Disambar 1994 NTR ya dawo da gagarumin rinjaye, kujeru 216 jam'iyyarsa kaɗai, bisa alkawarin mai do da shinkafa mai sauƙi da hana sayar da giya, abin da matan karkara suka daɗe suna fafutika a kai. Sai dai a 1993, bayan rasuwar matarsa ta farko da shekaru, ya auri Lakshmi Parvathi, marubuciyar tarihinsa, kuma 'ya'yansa da manyan jam'iyya suka ga tana sa baki a rabon muƙamai. A Agustan 1995 Naidu ya tara mafi yawan 'yan majalisar a otal ɗin Viceroy na Hyderabad, da goyon bayan wasu 'ya'yan NTR na cikinsa. Tsohon ya hau motarsa ya je ƙofar otal ɗin yana kiransu da lasifika, aka jefo masa takalma. Ranar 1 ga Satumba aka rantsar da Naidu. Jam'iyyar, da sunanta da kekenta, ta zama tasa. NTR ya rasu ranar 18 ga Janairu 1996. Farin jininsa a 1995 bai ragu ba, bai cika wata tara da cin zaɓe ba. Abin da ya canza shi ne mai riƙe da littafin sunaye ya koma ɗaya gefen. Da hannun wani aka kama macijin 1984, mai hannun kuwa bai manta ba.

Yanzu mu dawo gida, ga 'yan fim namu. Sana'ar ta girma tun daga Turmin Danya na 1990, ta haifi mutanen da ko a Agadas ko Kumasi suka sauka sai an yi musu dafifi. A cikinsu wanda na fi ganin ya yi ƙoƙarin neman kujera da kansa shi ne Hamisu Lamiɗo Iyantama, furodusa kuma jarumi, wanda ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007 a wata ƙaramar jam'iyya, ND. Malam Ibrahim Shekarau ne ya ci zaɓen, Iyantama bai kusanto ba. A 2008 hukumar tace finafinai ta jihar, ƙarƙashin Abubakar Rabo, ta gurfanar da shi a kan fim ɗinsa Tsintsiya da rajistar kamfaninsa. Kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a ƙarshen shekarar, ya yi kusan wata uku a kurkuku kafin babbar kotu ta jingine hukuncin. Hukuma ta ce doka ta bi, magoya bayansa suka ce siyasa ce. Ko ma dai wanne ne, sauran 'yan fim sun gani, sun kuma ɗauki darasin da suka ɗauka.

Daga nan hanyar da aka fi bi ita ce ta naɗi. Isma'il Na'abba Afakallahu ya riƙe hukumar tace finafinai zamanin Ganduje, Abba El-Mustapha ya karɓa a 2023 zamanin Abba Kabir Yusuf, a Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Muƙamai ne masu daraja, kuma gara a ba wanda ya san sana'ar. Amma ku lura duk riƙon 'yan fim aka ba ɗan fim. Ba a kai ga ba shi rijiya da asibiti da makaranta ba. Sauran kuwa kakar zaɓe suke jira. A haɗa su a mota, a ɗinka musu anko, su ɗaga hannun ɗan takara, su yi rawa a bidiyon waƙa. Dauda Kahutu Rarara, ɗan jiharmu daga ƙasar Ɗanja, ya nuna tun 2015 irin ƙarfin da waƙa ke da shi a zaɓe, babu mai musun wannan. Sai dai matsayin tsohon matsayi ne, na tsayawa a gaban mai shimfiɗa. Ba na zargin kowa da neman halalinsa. Abin da nake cewa shi ne jarumin da aka gani da jar hula bana, aka gan shi da tsintsiya baɗi, aka gan shi da lema wata shekara, ranar da ya fito ya ce a zaɓe shi, jama'a za su tambaya wa ya biya wannan karon.

Akwai kuma katanga biyu da NTR bai fuskanta ba. Ta farko kallon da al'umma ke yi wa sana'ar. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar finafinai a Kofa, ta ƙasar Bebeji a Kano nake nufi, ba Kofa tamu ta Kusada ba. Malamai suka hau mumbari, cikin 'yan kwanaki aka janye. Mutumin da ke kallon fim kowane dare shi ne zai hana ɗan fim auren 'yarsa, tunanin da mahaifin Shata ya yi shekaru kusan 100 da suka wuce bai mutu ba. Katanga ta biyu doka ce. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Sashe na 222 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko alama ta ƙabila ko addini ko ta yanki ɗaya, ya kuma wajabta hedikwata a Abuja. Na 223 ya ce shugabanninta su fito daga aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohi. Ke nan jam'iyya irin ta NTR, ta harshe ɗaya da jiha ɗaya, INEC ba za ta yi mata rajista ba. Hanyar da Shata ya bi a shekarun 1970, mutum da sunansa, ita ma an toshe. Abin da ya rage shi ne ka sayi fom, ka bi daliget, ka roƙi masu ruwa da tsaki kada a yi sasanci a bayan idonka. Mai neman gwamnan Katsina yana bukatar mutum a ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, da wakili mai amana a kowace rumfa har a gama ƙirga. Mabiya miliyan biyu a TikTok ba sa sa hannu a takardar sakamako.

A kudu an ga ɓangarorin biyu. Desmond Elliot ya shiga majalisar jihar Legas daga Surulere a 2015 ta cikin APC, jam'iyyar da ke da unguwar a hannu, ya kuma sake dawowa. Funke Akindele, wadda finafinanta suka fi nasa kawo kuɗi nesa ba kusa ba, ta tsaya mataimakiyar gwamna a PDP a 2023 suka sha kaye. Can Indiya ma Amitabh ɗin iyayenku ya ci kujerar Allahabad a 1984, ya ajiye ta a 1987, bai sake takara ba.

Gidan su Ram Charan da na ambata shi ya fi fito da abin fili, don wa da ƙane ne suka gwada. Chiranjeevi, wanda bayan NTR ba a yi jarumin Telugu mai jama'a kamarsa ba, ya kafa jam'iyyar Praja Rajyam a Tirupati a Agustan 2008, watanni kaɗan kafin zaɓe, yana fatan maimaita abin 1983. Taronsa ya cika ya batse. Da aka ƙirga a 2009, kujeru 18 ya samu daga 294. A 2011 ya narkar da jam'iyyar cikin Congress, aka ba shi ƙaramin ministan yawon buɗe ido, daga baya ya koma fim. Ƙanensa Pawan Kalyan ya kafa Jana Sena a 2014. A 2019 ya tsaya a mazaɓu biyu ya faɗi duka, jam'iyyarsa kujera ɗaya tak ta ci, aka yi ta yi masa dariya. Bai rufe ofis ba. Ya ci gaba da yin fim yana zuba kuɗin a jam'iyya, yana bin gundumomi, ya kuma haƙura ya ƙulla ƙawance da Telugu Desam da jam'iyyar BJP, ya karɓi kujeru 21 kawai ya yi takara a kansu. A 2024 ya cinye su duka 21, shekara 10 bayan kafa jam'iyyar, aka naɗa shi mataimakin babban minista. Wanda yake yi wa mataimakin kuwa Chandrababu Naidu ne, a zangonsa na huɗu, har yau a kan keken surukinsa.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda, ladan kuma ya kusa kiran la'asar. Zan dakata a nan a buɗe fagen tambayoyi.